Kundin digiri na biyu: Tarihin da ma'aikatan Abuja ke zaune a kansa

Duk wanda ya bi hanyar Nyanya zuwa Keffi da safiyar Asabar, ko ya nufi Gwagwalada da yammacin Juma'a, zai haɗu da wani rukunin matafiya waɗanda ba kasuwa ta fito da su ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da hadiman ministoci da na 'yan majalisa, sun rufe fayil ɗin ofis sun ɗauki littafin karatu. Wasu na neman digiri na biyu a Jami'ar Abuja, wasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wasu a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa mai hedikwata a Jabi, wasu kuma a Cibiyar Nazarin Harkokin Majalisa da Dimokuraɗiyya, wadda ke ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Benin.

Darussan aji ba su cika gagararsu ba. Mutumin da ya saba tsara wa Babban Sakatare takardar bayani cikin dare guda, jarrabawar ƙarshen zango ba za ta kayar da shi ba. Inda tafiyar kan cije shi ne kundin bincike, wato aikin da ɗalibi zai zaɓi batunsa da kansa, ya nemo hujjojinsa da kansa, ya rubuta, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare. A nan babu mai karanto masa darasi ya kwafa. Ga ɗaliban tarihi da adabi da harshe da addini da falsafa kuwa, abin ya fi nauyi, domin su ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aikinsu tsofaffin takardu ne, da littattafai, da abin da ke cikin kawunan mutane.

Kasuwar babi biyar

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kundi ya zama haja. A shagunan buga takardu da ke kewaye da makarantu, da shafukan intanet masu jera dubban batutuwa, ana sayar da aikin da aka riga aka gama: babi na ɗaya gabatarwa, na biyu bitar ayyukan da suka gabata, na uku hanyoyin bincike, na huɗu sakamako, na biyar kammalawa. Mai saye zai sauya sunan gari, ya sauya shekara, ya sa sunansa a bango. Abin da aka rubuta a kan wata ƙaramar hukuma a Kogi sai ya wayi gari ya zama na Bwari.

Ko wanda bai saya ba, sau da yawa yakan faɗa wani ramin. An aro salon rarraba takardar tambayoyi daga fannin kimiyyar zamantakewa an ɗora wa fannonin da ba su da buƙatarsa, har ka ga ɗalibin adabi yana ƙirga mutum nawa ne suka amince cewa wani littafi na da tasiri, alhali aikinsa shi ne ya karanta littafin ya nuna yadda aka gina shi. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda kan zubo babi sukutum cikin ɗan lokaci, a wasu lokutan har da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba.

Hukumomi sun fara motsawa. A 2021 Kwamitin Shugabannin Jami'o'in Najeriya ya ƙaddamar da manhajar EagleScan domin gano satar rubutu. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da cewa dole a riƙa ajiye kundayen ɗalibai a rumbun bayanan ilimi na ƙasa da ake kira NERD, har ta ɗaura sharaɗin da samun gurbin yi wa ƙasa hidima. Matakai ne masu kyau, sai dai iyakarsu kama wanda ya kwafa. Manhaja ba ta iya gane kundin da kowace jimlarsa sabuwa ce amma babu komai a cikinsa.

Adalci ne a faɗi cewa laifin ba na ɗalibi kaɗai ba ne. Hutun ƙaro ilimi da albashi ba kowa ke samunsa ba, don haka akasari da dare ake karatun, bayan an sha cunkoson Kubwa ko na Maraba. Malami ɗaya kan riƙe ɗalibai masu yawa fiye da yadda zai iya karanta aikinsu a natse. Sannan abin da ke shiga fayil ɗin ma'aikaci takardar shaida ce. Ba a saba jin an tambayi mutum a wajen ƙarin girma abin da ya gano a bincikensa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda suka tona

Kafin a ce kundi wahalar banza ce, yana da kyau a tuna cewa littattafan da ake koyar da tarihin Arewa da su a yau, da yawansu kundayen ɗalibai ne. Murray Last ya zauna a Sakkwato yana karanta rubuce-rubucen Larabci da ke hannun Waziri Junaidu, ya samu digirinsa na uku a Jami'ar Ibadan a 1964, aikin ya fito a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. Yusufu Bala Usman ya zagaya garuruwan ƙasar Katsina yana sauraron dattawa, kundinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ya zama littafi a 1981.

Wanda ya fi dacewa da ma'aikacin gwamnati shi ne misalin Mahmud Modibbo Tukur, malamin tarihi a Zariya kuma tsohon shugaban ƙungiyar ASUU. Kada a rikita shi da Dokta Mahmud Tukur, shugaban Jami'ar Bayero na farko. Modibbo Tukur ya ɗauki rahotannin da Razdan-Razdan da Di'o-Di'o suka rubuta da hannunsu tsakanin 1897 da 1914, ya bi su layi-layi, ya nuna cewa abin da ke cikin fayilolin Turawan ya saɓa wa labarin da suke bayarwa game da mulkinsu. Ya kammala kundin a 1979, ya rasu a 1988, ba a buga aikin a matsayin littafi ba sai a 2016. Duk tsawon shekarun nan masu bincike na neman kwafinsa suna karantawa. Makaminsa kuwa shi ne iya karanta fayil: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me aka ƙara a gefen shafi, me aka yi shiru a kai. Wannan sana'a ce da jami'in mulki ke yi kullum daga Litinin zuwa Juma'a.

Alaƙar waɗannan fannoni da aikin gwamnati ma tsohuwa ce. Saburi Biobaku, wanda ya rubuta tarihin Egba da maƙwabtansu, ya riƙe muƙamin sakataren Firimiyan Jihar Yamma. Malam Liman Ciroma ya fara ne da nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa kafin ya kai ga zama Sakataren Gwamnatin Tarayya a zamanin mulkin soja na Obasanjo. A nan kusa da mu, Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin masarautar Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, da harshen Hausa, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1952. Har gobe duk mai son sanin yankin nan kafin zuwan buldoza sai ya koma gare su.

Batun da ke ƙarƙashin tebur

Abin mamaki, ɗalibin da ke korafin rashin batu yana zaune ne a cikin ɗaya daga cikin manyan labaran Najeriya. A watan Agustan 1975 aka kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, a watan Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da sabon babban birni, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekarar, aka yanki ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Babangida ya tare. Waɗannan ranaku kowa ya haddace su. Abin da bai samu marubuta isassu ba shi ne yadda abin ya kasance ga mutanen da aka yi a kansu.

Ɗauki batun sauya wa mazauna asali matsuguni. Da farko an ƙudurta kwashe kowa a fitar da shi wajen yankin, sai a 1978 gwamnati ta ja da baya saboda tsadar aikin, ta taƙaita shi ga waɗanda gine-gine za su taɓa kai tsaye. Daga nan aka samu Sabon Wuse a Jihar Neja, aka kai wasu Kubwa, daga baya aka yi wa mutanen Garki gidaje a Apo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka kundi ne mai zaman kansa. Ina aka bar kaburbura da wuraren bauta? Ya sarautar gari ta kasance bayan ƙaura? Waɗanne waƙoƙin Gbagyi ne suka tsiro daga wannan tashi? Ɗalibin harshe ma na da abin yi a sunayen unguwanni kaɗai: Asokoro, Jabi, Utako, Mabushi, Durumi, daga ina suka samo asali, kuma ya bakin baƙi ya sauya furucinsu?

Sai kuma tarihin aikin gwamnatin kansa. Ƙarin albashin Udoji na 1974 da abin da ya haifar a kasuwanni. Kakkaɓar 1975, lokacin da aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, wasu a rediyo suka ji labarin korarsu, abin da masana da dama ke ganin shi ya karya wa ma'aikaci tabbacin cewa aikinsa zai kai shi tsufa. Garambawul ɗin 1988 da ya mayar da Manyan Sakatarori Manyan Daraktoci, kafin a warware shi bayan kwamitin Allison Ayida. Mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, da sayar da gidajen gwamnati a Abuja da ya biyo baya, wanda ya raba ma'aikata gida biyu: waɗanda suka mallaki gida a Wuse da Garki, da waɗanda suka koma Maraba da Suleja. Ga hadimin ɗan majalisa kuwa, kundin muhawarar majalisa taska ce ta nazarin harshe da balaga wadda ba a cika taɓawa ba.

Sirrin shi ne a ƙuntata. “Tarihin aikin gwamnati a Najeriya” ba batu ba ne, teku ne. Amma yadda ma'aikata guda ɗaya ta kwaso kayanta da mutanenta daga Legas tsakanin shekara kaza da kaza, wa ya riga zuwa, wa ya ƙi zuwa, ina aka sauke su, ina aka ajiye fayiloli, wannan aiki ne da mutum ɗaya zai iya gamawa cikin shekara, kuma babu shagon da zai sayar masa da shi, domin ba a taɓa rubuta shi ba.

Tafiya Kaduna

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa ta samo asali ne daga ƙoƙarin Kenneth Dike, wanda ya zagaya ƙasar nan a farkon shekarun 1950 yana duba halin da takardun gwamnati ke ciki, har aka buɗe ofishin adana su a Ibadan a 1954. Manyan rassanta uku na Ibadan da Inugu da Kaduna ne, kuma na Kaduna shi ke riƙe da takardun tsohuwar Jihar Arewa. Daga tashar Idu zuwa Rigasa tafiyar kilomita 186 ce a jirgin ƙasa. Ma'aikacin Abuja na iya ɗaukar hutun kwana uku ya yi aikin da wani ke tsallako teku domin ya yi.

Sabon zuwa zai tarar an jera takardun ne bisa ofishin da suka fito. Waɗanda ke ɗauke da alamar SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa ne. Kanoprof na Lardin Kano, Sokprof na Sakkwato, Zarprof na Zazzau, Minprof kuwa na Lardin Neja, inda mai binciken yankin Abuja zai fi daɗewa. Akwai littattafan jeri da ake dubawa a ciro lambar fayil a miƙa wa ma'aikaci ya ɗauko. Yana da kyau mutum ya riƙo wasiƙar gabatarwa daga sashensa na jami'a, ya kuma rubuta cikakkiyar lambar kowane fayil tun a lokacin da yake hannunsa, domin wanda ya bari sai ya dawo gida zai yi tafiyar sau biyu.

Mafi daɗin karatu su ne rahotannin ƙiyasin haraji. Di'o zai shiga gunduma a kan doki ya ƙirga gidaje da gonaki da shanu da maƙera da masaƙa, ya rubuta abin da dagatai suka faɗa masa na asalin garinsu. Sai dai a karanta da lura. Mutumin ya zo ne neman haraji, ta bakin tafinta yake ji, kuma waɗanda yake tambaya sun san abin da amsarsu za ta jawo musu. Wanda ya kwafe rahoton Di'o a matsayin gaskiya tsantsa bai yi bincike ba, ya dai sauya wa Baturen alƙalami ne.

A garin na Kaduna akwai Gidan Arewa, a tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello da ke kan titin Rabah, cibiyar da aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, yanzu kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can akwai rubuce-rubucen Larabci da na ajami, da takardun gwamnati, da tsofaffin jaridu, da tarin kundayen ɗalibai. Mai nazarin harshe ko siyasa ba zai rasa abin yi da Gaskiya Ta Fi Kwabo ba, wadda ta fara fitowa a 1939, ko New Nigerian da ta fara a 1966. Kano na da Gidan Mambayya, Sakkwato na da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Wani abin ma yana intanet kyauta: shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ɗauki hotunan wasu fayilolin Kaduna da wasu rubuce-rubucen hannu na Yola, shafin Archivi.ng kuma na ɗora tsofaffin jaridun Najeriya.

Abuja ce dai ta zama marainiya a wannan fage. Ginin hedikwatar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, ya shafe shekaru kusan 20 yana kallon masu wucewa ba tare da an buɗe shi ba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne giɓin da masana tarihi suka daɗe suna kuka da shi: takardun zamanin Turawa sun fi na bayan samun 'yanci cika da tsari a ma'adanun. Ya fi sauƙi a gano abin da Razdan ya rubuta a 1920 fiye da abin da wani Babban Sakatare ya rubuta a 1985, saboda ma'aikatu ba su riƙa miƙa tsofaffin fayilolinsu yadda doka ta tanada ba.

Iyakar da ba a tsallakewa

Wannan giɓi shi ke jawo jarabar da ta keɓanta da ma'aikaci. Fayil ɗin da ɗalibin waje zai shekara yana nema, shi yana wucewa ta gabansa kullum. Amma kasancewar takarda a ofishinka bai mayar da ita taka ba. Akwai rantsuwar riƙe sirri, akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, akwai ƙa'idojin aikin gwamnati da suka ɗauki fitar da bayani ba da izini ba a matsayin babban laifi. Digiri bai kai a rasa aiki da fansho a kansa ba.

Ƙofar halal a buɗe take. Dokar Ma'adanar Tarihi ta 1992 ta tanadi buɗe takardun da suka kai shekara 25 ga jama'a, ban da waɗanda aka keɓe. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ta wajabta wa hukuma amsawa cikin kwana 7, ta kuma bayyana cewa tambarin sirri shi kaɗai bai isa dalilin hanawa ba. Ma'aikaci ya rubuta buƙatarsa kamar kowa, ya ajiye kwafin amsar. Ko an ƙi ba shi, wasiƙar ƙin ita ma hujja ce da za ta shiga kundi. Ga kuma abin da aka riga aka wallafa: gazet, rahotannin kwamitoci, takardun matsayar gwamnati, jawaban kasafin kuɗi.

Hadimai na da nasu tarkon daban. Wanda ya zaɓi rubuta kundi a kan gudummawar maigidansa ga ci gaban ƙasa ya riga ya san sakamakon bincikensa kafin ya fara, kuma mai jarrabawa daga waje zai gane haka tun daga shafin farko. Gara ya ɗauki wani zamani da ya shuɗe, ko wata hukuma da ba ya cin abinci a cikinta.

Hira da mutane ita ce hujjar da ma'aikaci ya fi kowa damar samu, kuma ita ta fi saurin kuɓucewa. Tana da ladubbanta. A gaya wa dattijo abin da za a yi da maganarsa, a nemi izininsa kafin a kunna na'urar ɗaukar murya, a tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa. Kada a tsaya ga tsofaffin daraktoci kaɗai, waɗanda galibi sun riga sun tsara labarinsu sun goge shi tas. Direba da masinja da mai buga tafireta da magatakardan rajista sun ga abin da manya ba su gani ba, kuma ba a cika zuwa tambayarsu ba. Abin da mutum ɗaya ya faɗa a gwada shi da na wani, a gwada da jaridar wannan makon.

Lokaci kuwa ba ya jira. A ƙa'idar aiki, ma'aikaci na ritaya ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Wanda aka ɗauka a 1991, shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, wa'adinsa na cika a 2026. Ma'ana rukunin ƙarshe na waɗanda suka san ofisoshin Legas da idonsu na tattara kayansu, yawancinsu kuma garuruwansu za su koma. Waɗanda kakkaɓar 1975 ta shafa, waɗanda suka rage a cikinsu duk sun manyanta.

A ɗaya gefen, Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin da ma'aikatu za su daina aiki da takarda su koma kwamfuta. Fayilolin da ake aiki da su yanzu su ake fara ɗauka a na'ura. Tsofaffin da aka rufe, waɗanda ke ɗaure da igiya a ɗakunan rajista da sito-sito na Sakatariyar Tarayya, su ne ke buƙatar wanda zai tambayi inda za a kai su kafin a buƙaci ɗakin domin wani abu.